Jirgin da Kuka Yi wa 'Yata Alkawari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da gwamnati ta ɗora wa rabon kuɗin tallafin binciken teku, gaɓar ruwa da sauyin yanayi, a gida Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izini in shigo da kukana gabanka a bainar jama'a, tunda ƙofofin da na ƙwanƙwasa a asirce babu wadda ta buɗu.

Sunana Lawal Isiyaku, mutumin Kano, mazaunin unguwar Misfala a Makka. Sana'ata gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a masaukan alhazai. Na shigo ƙasar nan da baƙin gashi, yau gemuna ya yi fari fat. Ban yi boko mai zurfi ba, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai ta sabunta iƙama, wato izinin zama. Ni ne mahaifin Sa'adatu Lawal, wadda ke jagorantar 'yar ƙaramar tawagar bincike a ɗaya daga cikin tashoshin da asusunku ya kafa, a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku gabas da Legas. Na tabbata sunanta yana cikin takardunku. Fuskarta ma tana cikin hoton da aka ɗauka ranar buɗe tashar, ita ce mai shuɗin mayafi a gefen hagunka.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

1. Yadda ta koma gida

A nan Misfala aka haifi Sa'adatu. Tana yarinya nakan kai su Jidda ranar hutu ita da mahaifiyarta. Sauran yara su yi ta wasa da yashi, ita kuwa sai ta tsuguna a bakin ruwa tana tambayata abin da ban sani ba: me ya sa ruwa ya ja baya da rana, ina kifi yake kwana, wa ya zuba wa teku gishiri. Da ta girma na tura ta Kano wajen ƙanwata ta yi sakandare da jami'a, daga nan ta sami gurbin ƙaro ilimi a waje, ta karanci kimiyyar teku. Bayan ta gama, Allah ya ba ta aiki a wani kamfanin bincike a gaɓar Bahar Maliya. Duk Juma'a tana gidanmu. Mahaifiyarta ta dama mata kunun gyaɗa, mu ci abinci tare, da yamma ta koma. Ban taɓa jin kwanciyar hankali irin ta wannan lokacin ba.

Sai aka sanar da asusunku. Aka ce gwamnati ta ware kuɗi na musamman don farfaɗo da tattalin arziki, kuma wani kaso nasa zai tafi binciken teku da yanayi, ana kiran 'yan ƙasa masu ilimin abin su dawo gida. Ba zan kawo adadin ba, kun fi ni saninsa, kuma ku kuka faɗe shi a gidajen rediyo. Sa'adatu ta zo ta same ni ina haɗa kayan aiki, ta ce, "Baba, tekun nan yana da masu kula da shi da yawa. Namu ne ba shi da kowa. Ka sa mini albarka in tafi." Mahaifiyarta ta yi kuka, ni kuma na sa mata albarka. Ta ajiye aikinta, ita da mijinta Mustafa, malamin makaranta, suka tattara suka koma da 'yarsu ƙarama.

2. Abin da aka alkawarta da abin da ya iso

A ranar buɗe tashar, da bakinka ka lissafa abin da za a kawo: jirgin bincike mai inji biyu, rigunan ceto ga kowa, oba-oba ta magana da tudu in waya ta ɗauke, na'urorin awo, da inshorar rai ga ma'aikata. Na kalli bikin a wayata a nan, na tura wa abokaina, muka yi ta yi wa juna barka.

Na'urorin awo sun zo, wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye shi ba. An kuma kafa babban allo a bakin titi mai ɗauke da sunan shirin. Jirgi dai har yau babu. Da farko an ce yana tashar jiragen ruwa ana jiran takardu. Daga baya aka ce ana sake duba kwangilar. Bayan sallar layya ta bara aka ce kaso na biyu na kuɗin bai fito ba. A tsakanin nan kuwa na ga ofishinku ya yi tarurruka a manyan otal-otal, an yi jawabai a kan muhimmancin teku, an raba jakunkuna masu tambari.

Amma ba a ɗage musu aikin ba. Duk ƙarshen zango sai an turo musu saƙo su kawo rahoton awon zafin ruwa, gishirinsa, ƙarfin igiya da yawan ƙasar da teku ya ci. Wasu daga cikin awon nan ba a yin su daga tudu, sai an shiga ciki sosai, inda suka dasa wata na'ura da anga a ƙarƙashin ruwa. An ce musu tashar da ba ta kawo rahoto ba, za a cire ta daga shirin. To da me za su shiga? Sai suka riƙa hayar kwalekwalen masunta, na katako, mai tsohon inji guda ɗaya. Rigar ceto biyu ce gare su, Sa'adatu ta saya da albashinta, su kuwa sukan fita su huɗu ko biyar. Duk wannan ban san shi ba a lokacin. In na tambaye ta jirgi, sai ta ce, "Yana hanya, Baba," ta sako wata hirar.

3. Ranar da ba su dawo ba

Cikin watan Sha'aban ne. Da hantsi ina saman wata imara, wato dogon bene, kusa da Harami, na buɗe cikin wani mukayyif da ya daina sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Mustafa ne. Bai saba kirana a irin wannan lokaci ba. Ya gaishe ni, muryarsa a dashe, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tun jiya da safe Sa'adatu suka shiga ruwa, har yanzu ba su fito ba. Na so a same su kafin in faɗa maka."

Ban san lokacin da na zauna a kan sumunti ba. Zafinsa yana ƙona ni ta cikin wando amma na kasa tashi. Daga inda nake ina hango hasumiyoyin Harami, ina jin hayaniyar masu Umra a ƙasa, kowa yana tafiyarsa. 'Yata tana wani wuri a tsakiyar ruwa a wata nahiya, ni kuma ina riƙe da sifana.

Na sauko na bar kayana a can. Na kira duk lambar ofishinku da Mustafa ya turo mini. Ɗaya ba ta shiga, ɗaya aka ɗauka aka ce oga yana taro, ta ukun kuma wata baiwar Allah ta ce mini su ba su da jirgin nema, in yi addu'a. Na ce mata a Makka nake, addu'a ba ta ƙare mana ba, jirgi nake tambaya. Ta kashe wayar.

Sai da na je gida na tsaya a ƙofa na rasa yadda zan shiga. Maƙwabcina Usmanu, haifaffen nan ne, jikan alhazan Katsina da suka zo a ƙafa, shi ya gan ni ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya Abu Sa'adatu, esh fi, me ya faru? Fuskarka ba daidai ba." Da na faɗa masa, shi ya kira matarsa ta shiga wajen maiɗakina tukuna. Daga tsakar gida na ji salatin da maiɗakina ta yi. Tana da hawan jini. Kafin azahar muna mustashfa, wato asibiti, da ita, an sa mata ruwa, ni ina zaune a baranda da waya a hannu, ina duba ta kamar kallon zai sa ta yi magana.

Waɗanda suka fita nema ba ma'aikatanku ba ne. Masuntan ƙauyen ne, suka bar kamun ranar, suka zuba mai daga aljihunsu, suka bazu cikin teku. Ana kiran la'asar a nan Mustafa ya sake kira, yana kuka yana dariya, ya ce an gan su.

Daga baya, da ta sami ƙarfin magana, Sa'adatu ta kira ni ta bidiyo. Leɓɓanta duk sun tsage, fatar fuskarta ta saɓule. Ta ce suna gama aiki za su juyo inji ya mutu. Mai kwalekwalen ya yi iya yinsa bai tashi ba. Waya babu sabis. Ruwa ya yi ta jan su zuwa ciki har tudu ya ɓace musu. Ruwan shansu ya ƙare tun a yinin farko. Ta ɗaura mayafinta a kan filafili tana kaɗawa duk lokacin da suka hango wani babban jirgi daga nesa, babu wanda ya gan su. Igiya tana zuba musu ruwa a ciki, suna kwashewa da robar abinci.

Abokin aikinta Mista Kayode, mai kula da na'urorin, magidanci ne mai ciwon suga. Bai ɗauko maganin da zai kai shi kwana ba, don ba kwana suka je yi ba. Da gari ya waye ya fara sambatu, kafin a same su ya suma. Ita ta cire rigar cetonta ta sa masa, ta ɗora kansa a cinyarta tana kare masa rana da jakar takardu. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙodarsa ta taɓu. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa. Mutumin da ya shiga ruwa da ƙafarsa don ya kawo muku rahoto, yau sai an riƙe shi yake hawa mota.

4. Abin da ofishinku ya yi bayan haka

Na zaci za a zo a duba su. Na zaci wani babba zai je asibiti ya gaida Mista Kayode ya ba matarsa haƙuri. Abin da ya iso tashar shi ne takardar tuhuma, ana tambayar Sa'adatu dalilin da ya sa ta shiga teku a jirgin da hukuma ba ta amince da shi ba. Da aka nemi inshora don maganin Mista Kayode, sai aka ce ba a kammala rajistarta ba. A makon nan kuma aka tuna musu cewa lokacin rahoto na gaba ya kusa.

Ranka ya daɗe, ina tambaya da ladabi: wane jirgi ne hukuma ta amince da shi? Wanda ke cikin jawabinka? Idan haramun ne su shiga kwalekwale, kuma wajibi ne su kawo awon tsakiyar teku, ta wace hanya kuke so su bi? Ni mai gyara ne. In kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya tura ni saman bene bai ba ni tsani ba, na kama bututu na hau na faɗo, ba na jin akwai alƙalin da zai ce laifina ne ni kaɗai.

5. Kada a ce aikin ba shi da amfani

Na ji wasu, har da 'yan'uwana a Kano, suna cewa me ya haɗa Bahaushiya da teku, ta dawo ta nemi koyarwa. Wasu kuma suna cewa ƙasar da mutane ke fama da abinci ba ta da kuɗin auna ruwa. Ina tsoron ko a cikin ofishinku ma akwai masu wannan tunani, shi ya sa kuɗin yake tafiya inda za a gani a talabijin.

Ni dai ga abin da na gani da idona. Misfala a kwari take, duk ruwan da ya sauka a duwatsun Makka nan yake gangarowa. Usmanu yana ba ni labarin zamanin ƙuruciyarsa, yadda sel, wato ambaliya, yakan shigo unguwa babu sallama, mutane suna cin abinci sai su ga tabarma tana yawo. Yanzu kafin hadari ya haɗu saƙo ya shigo wayar kowa, a rufe makarantu, a janye motoci daga kwari. Ni kaina saƙon nan ya sa na kwashe injinan mutane daga shagona da ke ƙasan bene, da yamma ruwa ya cika shi har gwiwa. Wasu ne suka zauna suna auna iska da teku kafin saƙon ya iso ni, kuma wani ne ya saya musu abin awon. Ruwan da muke alwala da shi a famfo ma daga teku ake tato shi. Zafin da nake aiki a cikinsa kuwa, ba sai an karanta mini littafi ba. Injinan da na ɗaura ina da ƙarfina suna iya wa bazara, yanzu sababbi ma suna gazawa, har an hana mu aiki a rana tsaka a watannin zafi.

A ƙauyen da Sa'adatu take, teku ya cinye layin bishiyoyin kwakwa, ya cinye maƙabarta har mutane suka kwashe ƙasusuwan iyayensu, rijiyoyi sun koma gishiri. Akwai Hausawa da yawa a wurin, masu sayen busasshen kifi suna lodi zuwa arewa, da masallacinsu da 'ya'yansu. Dattawan garin sukan zo tashar su tambaye ta magana guda: mu tashi ne ko mu zauna, in za mu tashi zuwa ina ruwan zai tsaya? Ba ta da amsa sai ta gama awon. Ta kuma taɓa faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai, cewa iskar da ke kawo damina gonar ƙanena a Kano daga kan wannan tekun take tasowa, in zafin ruwansa ya sauya, daminarmu ma sai ta sauya. Ashe ba mu yi nisa da teku ba kamar yadda muke zato.

6. Halin da muke ciki yanzu

Maiɗakina ta fito daga asibiti amma ba ta koma daidai ba. In waya ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji. Kullum maganarta ɗaya: "Malam, ka ce mata ta dawo. Kai ta fi jin maganarka." Jikarmu kuwa, Mustafa ya ce in uwarta ta ɗauki jakar aiki sai ta riƙe mata zane tana ihu. Ni ma aikin nawa ya fara lalacewa. Shekaran jiya na ɗaura wayar wuta a inda bai kamata ba, abin da ban taɓa yi ba, Allah ya kiyaye wuta ba ta tashi ba.

Na yi mata maganar dawowa. Na ce tsohon wurin aikinta zai karɓe ta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, na'urar tana can ƙarƙashin ruwa, duk abin da ta auna yana cikinta. Batirinta ya kusa mutuwa, kuma in damina ta yi ƙarfi igiya za ta tsinke ta. In ban ɗauko ta ba, wahalar Mista Kayode ta tafi a banza, mutanen garin nan kuma ba su da amsa." Na ce in na hana ki fa? Ta ce, "In ka hana ni ba zan je ba. Amma don Allah kada ka hana ni."

Ban hana ta ba, ban kuma ce ta je ba. Tun ranar nake tsakanin biyun, abinci ba ya shiga. Shi ya sa na zo gare ka, don abin da zai raba ni da wannan zaɓi yana hannunka.

Ga roƙona, Ranka ya daɗe.

A kai jirgin da aka alkawarta. In har ba zai samu kafin damina ba, a yi musu hayar ingantaccen jirgi mai inji biyu, da oba-oba, da rigar ceto ga kowane rai da zai shiga, har da mai tuƙi. In wannan ma ya gagara, to a rubuta musu a fili cewa an ɗage awon cikin teku kuma ba za a rufe tashar saboda haka ba, don kada tsoron rufewa ya sake tura kowa ruwa.

A ɗauki nauyin maganin Mista Kayode gaba ɗaya, kuma wani daga cikinku ya taka ya je ya gan shi. A janye takardar tuhumar da aka ba Sa'adatu. A je a gode wa masuntan da suka yi aikin da ya kamata hukuma ta yi.

Sannan a fito a faɗa wa jama'a, tasha bayan tasha, abin da aka ware da abin da ya isa. Ban ce kai ka ci ba, ban ce wani ya ci ba, don ban gani ba, kuma ina zaune a garin da nake jin tsoron yi wa mutum ƙazafi. Amma akwai wasu tashoshin, akwai 'ya'yan wasu a cikinsu, kuma ina jin tsoron akwai wani uban da har yanzu ake ce masa jirgi yana hanya.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a wannan amana, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya tsare maka 'ya'yanka a duk inda suke, a tudu ko a ruwa, kada ya nuna maka yini irin wanda na gani. Zan yi maka wannan addu'a a gaban Ɗakin Allah, ko ka amsa mini ko ba ka amsa ba.

Masuntan sun gaya wa Sa'adatu cewa teku zai ɗan lafa a farkon wata mai kamawa, kuma daga nan sai bayan damina. Ta riga ta yi magana da wani mai kwalekwale. Don girman Allah, ka sa jirginku ya riga ta isa bakin ruwa.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa da zullumi,
Lawal Isiyaku, mahaifin Sa'adatu,
Misfala, Makka.